Baƙin Ɗigo a Kusurwar Tamfol

Ni mutum ne mai yawan kokwanto, haka Allah ya yi ni tun ina ƙarami. Idan na kulle ɗaki na hau keke, ba na kaiwa bakin titi sai na juyo na sake taɓa kwaɗon. Idan na yi alwala sai in tsaya ina tunanin ko ruwa ya kai gwiwar hannu. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta kai ni wurin malamai a kan wannan hali, aka yi mini rubutu na sha, bai tafi ba. Na fara da faɗin haka ne don a san irin mutumin da abin ya faru da shi.

Karatuna na boko bai wuce aji bakwai na firamare ba. Abin da na fito da shi kyan rubutu ne, sai ɗan Turancin da zai ishe ni in haɗa haruffa a hankali har in gane sunan gari. Da wannan ne Yayana, wanda yake akawu a wata ma'aikatar gwamnati a Kaduna, ya samo mini aiki a siton wani kamfanin Turawa mai sayen kirgi da fata. Shi ya tsaya mini, ya sa hannu a takarda cewa ya san halina. Ba a daɗe da gama yaƙin basasa ba a lokacin. Siton yana gefen layin dogo ta wajen Doka, ni kuwa ina haya a Kawo tare da matata, kullum da safe in taka keke in sauko.

Ga yadda aikin yake. Leburori su ware kirgi, a sa masa maganin ƙwari, a ɗora a sikeli, a matse, a ɗaure da igiya, sannan a naɗe dilar da tamfol a ɗinke bakin. Daga nan sai a kira ni. Ina da faya-fayan gwangwani waɗanda aka yanke haruffa da lambobi a jikinsu, suna rataye a ƙusa a bayan ƙofa. In ɗora faifai a kan tamfol, in tsoma buroshi a baƙin fenti, in buga alamar kamfani da lambar dila da sunan tashar jirgin ruwan da za a sauke ta a Turai. Tamfol ɗin mai ƙarfi ne, kamfani ba ya yarda ya tafi a banza. Idan an kwance kaya a can sai a ninke shi a tara, sau biyu a shekara a maido mana. Ni ne kuma nake shafe tsohon rubutun da baƙin fenti, shafi biyu, kafin a sake naɗe wata dilar da shi.

Ranar da zan fara aiki mahaifiyata ta ce mini kada in bari wani abu ya bar hannuna ba tare da addu'a ba. Na riƙe wannan. Duk dilar da zan buga wa lamba sai na yi bismillah, in na gama in dafa ta in ce, Allah ya kai ki lafiya, Allah ya amfani wanda za ki je hannunsa. Sai dai halina bai bar ni ba. In na wuce dila goma sai zuciyata ta ce, anya ka yi wa ta uku? In koma in sake. Wata rana har helma, shugaban leburori, ya yi mini tsawa, taragon jirgin ƙasa na jira ni kuwa ina zagaya dilolin da na riga na gama. Shi ya sa na ƙirƙiro wa kaina dabara. Da zarar na gama addu'ar sai in ɗiga baƙin fenti da bakin buroshi a kusurwar tamfol ta ƙasa, hannun dama, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake. In kokwanto ya taso sai in duba kusurwa, hankalina ya kwanta.

Ba wanda ya lura da ɗigon nan sai direban babbar motar kamfani. In ba a samu tarago ba, shi yake kai kaya tashar jirgin ruwa ta Ikko ta hanya. Bakano ne, ni kuwa asalinmu Zariya, saboda haka tun ranar farko ya ɗauke ni bawansa, irin wasan Kanawa da Zagezagi.

“Kai bawana,” in ji shi, “wannan kashin ƙudan da kake sa wa kayan Bature fa? Ko sammu ne irin naku na Zagezagi?”

Na ce, “Addu'a ce, ubangijin ciniki. Ku da in za a sayar da addu'a da kun buɗe mata rumfa.”

Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Amma daga ranar ban taɓa ganin an yi masa lodi ba sai ya bi dilolin yana leƙa kusurwa. In na kama shi sai ya ce ɗinkin yake dubawa.

Manajan siton wani tsohon Bature ne, dogo, mai ɗan doro, wanda ya daɗe a ƙasar nan har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan Kaduna. Ba shi da faɗa. Yana sanin wanda matarsa ta haihu, yana zuwa ta'aziyya ya cire takalmi a ƙofar zaure. Mu dai Maigida muke ce masa. Ƙarshen kowane wata yakan sauko daga ofis da kansa, ya naɗe hannun riga, ya zaɓi kirgi mafi kauri, wanda ba tsaga ba tabon wuƙa, ya sa a ɗaure shi dabam. Waɗannan dilolin, bayan lambar da aka saba, sai in zana musu jan zobe a gefe. Ba faifai na zobe, da hannu nake zana shi, kuma ina alfahari da yadda yake fita kamar an kifa kofi. Na taɓa tambayar helma me jan zoben yake nufi, ya ce kayan musamman ne, in yi abin da aka sa ni. Tun da su ne mafiya kyau, nakan yi musu addu'ar sau biyu.

Shekara shida ina wannan aiki, ba a taɓa dawo da dila an ce lambarta ta karkace ba.

A shekara ta shidan ne, da damina, rediyo ya cika da labarin Afirka ta Kudu. Da ma mun saba jin cewa Turawan can sun danne baƙar fata, sun ware musu unguwa da makaranta da wurin zama, kuma sojojinsu suna yaƙi har cikin ƙasashen maƙwabta. Mun san gwamnatinmu ta hana ciniki da su. Amma a wannan daminar sai aka ce an buɗe wa 'yan makaranta wuta a kan titi. Wata Lahadi na je gaida Yaya a gidansa na Kurmin Mashi, na tarar da jarida a kan tabarma. Akwai hoto a ciki. Yara ne cikin kayan makaranta suna gudu, a gefe kuma an ɗauko wani mai bindiga daga ƙugu zuwa ƙasa, ba a ga fuskarsa ba, sai ɗamara da manyan takalma. Na daɗe ina kallon hoton. Kayan makarantar 'ya'yan Yaya suna shanye a kan igiya a tsakar gida, an wanke don gobe Litinin. Matar Yaya ta zo ta ɗauke jaridar ta ce kada yara su gani. A masallacin Juma'a liman ya yi addu'a Allah ya karya azzalumai, muka ce amin da ƙarfi, har da ni.

Bayan wannan da kamar wata biyu tamfol ya dawo daga Turai. Ranar Talata ce, ana yayyafi, na ja tarin zuwa rumfar baya inda nake shafe-shafe. Ina buɗe su ɗaya bayan ɗaya ina shimfiɗawa. Sai na buɗe wani na ga jan zobena. Sai a lokacin na tuna cewa a duk shekarun nan ban taɓa ganin tamfol mai jan zobe ya dawo ba. Ga rubutuna, ga lambar, ga ɗigona a kusurwa. A kan sunan tashar da na buga an ja layi, an buga wani hatimi da shuɗin tawada. Na durƙusa na sa yatsa ina bin haruffan ɗaya ɗaya kamar yadda aka koya mana a aji huɗu. Layin farko sunan wata tashar ruwa ce da ban sani ba. Layi na biyu sunan ƙasar ne, Afirka ta Kudu, na karanta shi sau uku. A ƙasa kuma akwai kalmar da nake gani kullum a jikin motocin barikin soja in suna wuce ni a hanyar Kawo. Sauran rubutun da wani harshe ne da ban iya ba.

Na ci gaba da buɗewa. Goma sha ɗaya ne masu jan zobe, duk hatimi iri ɗaya.

Abin da na yi zato a lokacin yana ba ni kunya yanzu. Na ɗauka sata aka yi wa kamfani. Na ɗauka wasu ɓarayi ne a Turai suke karkatar da kayan Maigida ba da saninsa ba, kuma na ji daɗi a raina cewa ni na gano. Na ninke ɗaya na rungume, na goge ƙafata, na hau matakalar ofis.

Ya sa tabarau ya duba. Bai daɗe yana dubawa ba. Ya tashi ya rufe ƙofa, ya nuna mini kujera, abin da bai taɓa yi ba. Ban zauna ba.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ina jin an yi kuskure, kayanmu sun ɓace hanya.”

Ya ce, “An yi kuskure, Malam. Amma kayan ba su ɓace ba, sun je inda aka nufa. Kuskuren shi ne dawowar wannan tamfol nan. Nawa ne?”

“Goma sha ɗaya.”

“Wa ya gani?”

“Ni kaɗai. Sauran ba sa karatu.”

Ya cire tabarau ya murza idanunsa. Na ce, “Ranka ya daɗe, me suke yi da kirgin?”

“Takalma. Ɗamara. Abin rataya bindiga. Kirgin ƙasarku yana da ƙarfi.” Sannan ya ce, “Mu ba mu sayar musu ba. Muna sayar wa wani a Turai, shi kuma ya tura. A takarda ba mu da laifi.”

Na ce, “To jan zoben fa?”

Sai ya juya yana kallon taga, ya soma magana kamar ba da ni yake ba. Ya ce lokacin yaƙin Jamus yana saurayi a babban ofishin kamfanin a ƙasarsu. Kafin yaƙi suna sayar wa Jamus fata a fili, kowa yana ganin irin sojojin da ake tarawa da irin mutanen da ake kamawa, amma ciniki yana tafiya. Da yaƙi ya ɓarke sai suka koma sayar wa wani ɗan kasuwa a ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba, shi kuma ya miƙa. Ya ce shi ne yake buga takardun. Ya ce ƙaninsa soja ne, a wannan yaƙin ya mutu.

“Na daɗe ina tunanin takalmin da ke ƙafar wanda ya harbe shi,” in ji shi. “Daga baya na daina. In ba mu sayar ba wani zai sayar, Malam. Mutum talatin suke cin abinci a siton nan.” Ya miƙo mini tamfol ɗin. “Je ka shafe. Shafi biyu, yadda ka saba.”

Na karɓa da hannu biyu, na ce to.

Wannan “to” ɗin ita ce ta fi komai damuna har yau. Na sauko, na koma rumfa, na dama fenti. Na ɗaga buroshi, bakina ya buɗe zai yi bismillah, sai na kasa. Na tsaya fenti yana ɗiga a kan yatsun ƙafata. A ƙarshe na shafe su haka nan, ba addu'a, karo na farko a shekara shida. Ba kuma shafin ganin dama na yi ba. Hannuna bai iya aikin banza ba. Na yi shafi na farko, na jira ya sha iska, na yi na biyu, na ɗaga kowanne ga haske na tabbatar ba harafin da ya leƙo. Kafin la'asar goma sha ɗayan sun koma baƙaƙe ƙirin.

Kwana biyar abinci ba ya shiga. Abin da yake cin raina ba fentin ba ne kaɗai. Addu'ar ce. Shekara shida ina dafa kayan nan ina roƙon Allah ya kai su lafiya, ya amfani wanda za su je hannunsa, har sau biyu. Kuma sun je lafiya. Ba jirgin da ya nutse, ba dilar da ta jiƙe. In na rufe ido sai in ga takalman nan na cikin jarida. Matata ta gaji da tambaya, na gaya mata. Ta ajiye tsintsiya ta zauna a bakin ƙofa.

Ta ce, “Malam, ai Allah ya san abin da ka nufa. Kai ka san inda za su?”

Na ce, “Ban sani ba. Amma ban tambaya ba. Sau ɗaya na tambayi helma, ya ce in yi shiru, na ji daɗin yin shirun.”

Ta ce, “To je wurin Yaya. Ni wannan ya fi ƙarfina.”

Ranar Lahadi na je. Na same shi a zaure yana goge takalmin ofis. Na ba shi labari tun daga farko, bai katse ni ba. Da na kai wurin hatimin sai ya ajiye takalmin ya gyara zama.

Ya ce, “Wannan babbar magana ce. Akwai wanda na sani da zai iya kai ta sama. Ina tamfol ɗin?”

Na ce, “Na shafe.”

“Ka me?”

“Ya ce in shafe, Yaya.”

“Duka? Ko ɗaya ba ka ɓoye ba?”

“Duka.”

“To a kankare mana. Fenti ne, ai a iya gogewa da kananzir.”

Na sunkuyar da kai na ce, “Shafi biyu na yi. Kuma jiya an naɗe kaya da su.”

Yaya ba mai zagi ba ne. Abin da ya ce kawai shi ne, “Kai da kake komawa sau uku ka duba kwaɗo, ranar da ya kamata ka tsaya ka yi kokwanto sai ka yi sauri.” Sannan ya ce ba hujja, maganata ce kawai a kan ta kamfani, kuma kowa a unguwa ya san ni da waswasi, za a ce abin ne ya taɓa ni. Ya ce duk da haka zai faɗa wa mutumin. Na san ya faɗa, don Yaya ba ya alkawarin da ba zai cika ba. Ban taɓa jin abin da ya biyo baya ba.

Da zan tafi na ce, “Yaya, kai ka tsaya mini. In na bar aikin, sunanka fa?”

Ya ce, “Na sa hannu ne cewa na san halinka. Har yanzu na san shi. Yi abin da za ka iya kwana da shi.”

Ƙarshen wata ya zo. Maigida ya sauko ya naɗe hannun riga ya zaɓi kirgi kamar kullum, aka ɗaure dila takwas, aka jera mini. Ba tarago a makon, motar Bakano ce take jira a bakin sito. Na buga alamar kamfani, na buga lambobi, ina ce wa kaina wannan sunan tashar Turai ne kawai. Sai na buɗe gwangwanin jan fenti. Na yi ta tunanin abin da zan ce a kan kayan nan. In na ce Allah ya kai su lafiya, na san inda za su. In na ce kada Allah ya kai su, to a motar wa za su bi hanyar Ikko in ba ta Bakano ba? Kuma jirgin ruwan akwai mutane a ciki, masu 'ya'ya, waɗanda ba su san komai ba kamar yadda ban sani ba. In kuma na yi shiru, na saki abu daga hannuna ba addu'a. Kowace ƙofa na taɓa a rufe take.

Maigida yana tsaye a bayana. Na mayar da murfin gwangwanin, na juyo na ce, “Ranka ya daɗe, ba zan iya zoben ba.”

Leburori suka tsaya cak. Helma ya buɗe baki zai yi magana, Maigida ya ɗaga masa hannu. Ya dube ni, ba fushi a fuskarsa, sai gajiya. Ya karɓi buroshin daga hannuna, ya durƙusa da ƙyar, ya zana zoben da kansa. Ya fito a karkace kamar ƙwan agwagwa, fenti yana zuba ta gefe. Ba zan ɓoye ba, yatsuna sun yi ƙaiƙayi in karɓa in gyara. Na sa hannuwana a baya na riƙe ɗaya da ɗaya har ya gama takwas ɗin.

Aka fara lodi. Ina wanke faya-fayai da kananzir a bakin famfo sai ga direba ya zo ya tsaya a kaina.

“Bawana, ka manta kashin ƙudanka.”

Na ce, “Ban manta ba.”

“To tashi ka sa. Ni ba zan hau hanyar nan da damina haka ba. Ka san gadojin nan.” Yana murmushi, amma ba wasa yake ba.

Na ja shi gefe na gaya masa inda kayan za su. Murmushin ya tafi. Ya cire hula ya sosa kai, ya dubi motar, ya dubi ƙasa.

Ya ce, “Inna lillahi. Shekara nawa ina jan su.” Ya mayar da hularsa. “Ni dai baki tara ne a gidana. Ikko aka ce in kai, Ikko zan kai. Allah ya yafe mini.” Sannan a hankali ya ce, “Amma kada ka bar ni in tafi haka.”

Na ɗauki ƙaramin buroshi na bi shi. Ban je wajen kayan ba. Na zagaya ƙofar direba, na dafa ta, na yi bismillah, na ce Allah ya kai wannan bawa naka lafiya, ya maido shi ga iyalinsa. Na ɗiga baƙin fenti a kusurwar ƙofar ta ƙasa. Kayan kuwa ban ce komai a kansu ba, na bar wa Allah, shi ya san abin da ya dace da su.

Ya duba ɗigon ya ce, “Ka ɓata mini ƙofa, Bazazzagen banza.” Ya hau ya tada mota.

Na gama wanke faya-fayan, na shanya su, na jera su a ƙusa bi da bi yadda wanda zai zo ba zai sha wahalar nema ba. Na hau ofis na ce wa Maigida na bar aiki. Ya ce in koma shafe-shafe da sauran diloli kawai, zai samo mai zoben. Na ce na gode, amma a rumfa ɗaya ake yin su. Ya miƙo mini hannu muka gaisa. Akwai jan fenti a yatsunsa, ya shafar mini a tafi. Na tsaya a bakin famfo ina gogewa har hannuna ya yi zafi.

Kafin mako ya zagayo sun ɗauki wani. An ce zobensa yana da kyau. Kaya suka ci gaba da tafiya ƙarshen kowane wata, barina aiki bai rage ko dila ɗaya ba, kuma na san haka tun kafin in bari. Bayan 'yan shekaru Maigida ya koma ƙasarsu, siton ya sauya hannu. Ban san ranar da aka daina zana zoben ba, ko an daina ɗin.

Mun sha wuya a watannin farko, matata ta soma tuyar ƙosai a ƙofar gida, ba ta taɓa yi mini gori ba. Direban ne ya zo wata rana ya ja ni tashar Kawo, ya ce wa abokansa ga bawansa, ba shi da wayo amma hannunsa yana da albarka. Ya nuna musu ƙofar motarsa. Daga nan na koma rubuta sunayen garuruwa a goshin motocin haya, Zariya, Kano, Funtuwa, Gusau, da lambobi a jikin bodi. Da wannan na ciyar da gidana har idona ya yi rauni.

Ban daina ɗigon ba, direbobi ma ba sa yarda in daina. Abu ɗaya ne ya sauya. Kafin in tsoma buroshi sai na tambayi mai motar ina za ta, me za ta ɗauka, wa za a kai wa. Wasu su yi dariya, wasu su ce ko ni ɗan sanda ne. Wani ya taɓa cewa, “Baba, ga shi nan kai za ka rubuta, Funtuwa!” Na ce na gani, amma na taɓa rubuta sunan gari shekara shida, ashe ba can kayan suke tsayawa ba.

Dilolin da suka riga suka tafi kuwa, na tambayi malamai biyu ko akwai yadda mutum zai janye addu'ar da ya yi. Dukansu sun ce in yi istigfari in bar waswasi, Allah ba a ruɗa shi. Na yarda da su. Amma har yanzu in na idar da sallar asuba nakan yi wa yaran nan na cikin jarida addu'a, su da iyayensu. Ba ni da tamfol ɗin da zan ɗiga wa alama, shi ya sa in na shafa na miƙe sai zuciyata ta ce anya ka yi, in koma in zauna in sake.